Gezel Da Mutum Na Goma

Ɗan kawuna Gezel ya baro garin Fozan da ke tsallaken teku a 1879 da akwati ɗaya da tumbin da ya fi akwatin girma. Ya sauka a garinmu na haƙar azurfa a duwatsun Kolorado, ya buɗe shagon takalma da diga. Amma ainihin sana'arsa ƙirga kawuna ce, don a wurinmu Yahudawa addu'ar jam'i ba ta yiwuwa sai maza goma sun cika.

Lokacin da azurfa ke tashe mu arba'in ne. Da ta faɗi, sai jirgin ƙasa ya dinga kwashe mu, Gezel na tsaye a tasha yana zagin hayaƙi. Aka rage mu goma cif.

Ranar tunawa da rasuwar mahaifiyarsa, dole ya yi mata addu'a kafin rana ta faɗi. Muka taru a bayan shago. Da yake a al'adarmu ba a ƙirga mutane kai tsaye, ya fara nuna mu da yatsa: "Ba ɗaya ba, ba biyu ba..." Ya tsaya a ba tara ba. Zusman mahaƙi bai zo ba.

Gezel, wanda ko rijiya ba ya leƙawa, ya shiga bokitin sauka ramin haƙar da Zusman ke aiki. Igiyar ta yi kukan da aka ji a gari uku.

"Zusman, fito!"

"Malam Gezel, ni na daina waɗannan abubuwan tun a teku."

"Wa ya tambayi zuciyarka? Kanka nake so, kan nan naka mai kama da kabewa!"

Ya jawo shi baƙi ƙirin har shago. Ganinsa ke da wuya, sai tsoho Lifman ya miƙe ya ɗauki hularsa. Shekara shida ba sa magana, tun da alfadarin Zusman ya cinye masa kabeji.

"Ba na tsayawa ɗaki ɗaya da ɓarawon kabeji."

"Alfadarin ya mutu, Baba!" in ji Gezel.

"Mai shi fa?"

Gezel ya dubi taga, rana ta kusa taɓa dutse. Ya je ya tsaya a bakin ƙofa, tumbinsa ya toshe ta, ko ƙuda ba zai wuce ba. Daga nan ya fara addu'ar, yana haki, hawaye na wanke masa ƙurar rami.

Lifman da Zusman suka ce amin tare, kowa na hararar ɗan'uwansa.