Yadda Na Tsige Mahaifin Abokina

Shekarun baya, lokacin da majalisar Amurka ta buɗe binciken tsige shugaban ƙasarsu a kan wani kiran waya da aka ce ya yi don cutar da abokin takararsa, wani zazzaɓi ya kama ni wanda babu likitan da zai iya masa magani. Ina tashi daga aiki zan kamo bas zuwa Levenshulme, unguwarmu a Manchester, waya manne a kunne, in faɗa gida ko takalmi ban cire ba in kunna talabijin. Ni da ban taɓa taka Amurka ba, sai ga ni na haddace 'yan kwamitin binciken kamar ƙannen babana. Na san wanda ya iya tambaya, na san wanda hayaniya kawai ya iya. Matata ta ajiye abinci ya huce, ta ɗumama ya sake hucewa, ni ina tsaye a tsakiyar falo ina yi wa shaidu gyara.

Abokin musuna a kan wannan magana yana Birmingham, a Aston. Bahaushen Ghana ne, haifaffen zangon Kumasi, direban bas. Ba ƙaramin aboki ba ne a wurina. Lokacin da na zo karatun jami'a a Birmingham, masaukin da aka yi mini alkawari ya suɓuce, na zauna a masallaci da akwatina ban san inda zan nufa ba. Shi ya ɗauke ni ya kai ni gidan mahaifinsa, na yi wata huɗu a ɗakin sama ina cin tuwo da miyar ayoyo, ba wanda ya taɓa tambayata yaushe zan tashi. Tun daga nan nake kiran tsohon Baba. Da aiki ya dawo da ni Manchester ma zumuncin bai yi sanyi ba.

To, a maganar Amurka mun raba gari. Ni na ce doka ce take aikinta, shi ya ce bi-ta-da-ƙulli ne kawai na 'yan adawa. In ya sami hutu a wurin aiki zai kira ni, mu yi ta ɗaga murya har cajin wani ya ƙare. Amma da dariya muke rabuwa, yana ce mini, "Mutumina, je ka ci abinci, ba za su ba ka kujera ba."

Muna da ƙungiyar Hausawa ta garuruwan nan biyu, ana taro duk wata uku, wannan karon Manchester, wancan karon Birmingham. Baba ne shugaba tun kafin yawancinmu mu zo ƙasar. Ni ne sakatare. Kuma gaskiya tun kafin wannan lokaci akwai 'yar tsama a ƙasa. 'Yan Ghana su suka kafa ta, su ke wankan gawa, su ke zaman sulhu, su ke dafa abincin taro. Mu kuma 'yan Najeriya da muka zo daga baya, likitoci da injiniyoyi da akantoci, muna ganin komai a hargitse yake. Muna son zaɓe, muna son tsarin mulki a rubuce, muna son a fara taro a kan lokaci. Sai muka tsayar da wani likita daga cikinmu ya yi takara da Baba.

Ana saura mako uku zaɓe likitan ya janye. Muka taso shi da tambaya, da ƙyar ya ce, "Baba ne ya kira ni ya ce in janye. Don Allah ku bar maganar."

Wallahi ji na yi tsigar jikina ta tashi. Kiran waya! Shugaba mai ci ya kira abokin takararsa ya matsa masa lamba! Ai irin abin da nake kallo kullum ke nan a talabijin, ga shi Allah ya kawo mini har gida. Kashedin likitan na a bar maganar ko ta kunnena bai bi ba. A ranar na zauna na rubuta takardar tuhuma shafi biyu, da sakin layi na ɗaya da na biyu da na uku, na tura a group, wato zauren hirarmu na waya, ina kira a kafa kwamitin bincike.

Group ya kama da wuta. Saƙon murya na minti tara, na minti goma sha biyu. Wannan ya ce masu digiri sun zo ƙwace, wancan ya ce ba sarauta muka zo yi Ingila ba. Wani ya fita, a mayar da shi, ya sake fita. Mutanen da suke sahu ɗaya a sallar Idi suka koma "mu" da "su". Ni kuwa ko zama ba na iya yi, a wurin aiki sai in shige banɗaki in karanta saƙonni in mayar da martani.

Matata ta same ni a kicin ta ce, "Abban yara, ka janye takardar nan."

Na ce, "Saboda me?"

Ta ce, "Ni dai na ce ka janye. Ba komai ake kaiwa gaban taro ba."

Na ce mata ba ta fahimci yadda dimokuraɗiyya take aiki ba. Haka na faɗa, da bakina, ga matar da ta fi ni karatu.

Washegari abokina ya kira. Wannan karon babu dariya a muryarsa. Ya ce, "Mutumina, na ga takardarka. In kun gaji da Baba, ai akwai yadda ake yi. Ku tura dattawa biyu gida, a sha shayi, a yi magana a rufe. Shi da kansa zai miƙe a taro ya ce ya tsufa yana son hutu, a yi masa addu'a, ku ɗora wanda kuke so. Kada ka zaunar da ubana a gaban jama'a kana masa tambayoyi. Ina roƙonka."

Na ji roƙon, kuma na san abin da ke kan layi abotarmu ce. Amma kaina ya riga ya yi zafi. Na ce, "Wancan zamanin ya wuce. Ba wanda ya fi ƙarfin doka." Ya ce to, ya kashe wayar.

Ranar Lahadi bayan azahar muka taru a wani hall, ɗakin taro da muke haya a Hulme, nan Manchester. Ni na shirya wurin da hannuna, kuma sak yadda nake gani a talabijin na shirya shi. Dogon tebur na 'yan kwamitin binciken da aka kafa, mu biyar, kowa da kwalbar ruwa. Kujera guda ɗaya tilo a gabanmu. Na ajiye wayata a kan tebur na saita agogo, kowa minti biyar, mai tambaya da mai amsa. Mata suna can baya a kicin suna haɗa abinci, don ko da me za a yi a taronmu sai an ci.

Baba ya shigo da farar riga da sandarsa, abokina na biye da shi. Ya bi kowa ya ba shi hannu. Da ya zo kaina ya riƙe hannuna ya ce, "Ɗana, ya yara? Ya ƙafar mahaifiyarka a Kano, ta yi sauƙi?" Na amsa ina kallon takarda. Ya je ya zauna a kujerar nan shi kaɗai.

Na gyara murya na ce, "Baba, ka kira ɗan takara a waya, e ko a'a?"

Ya ce, "Na kira shi."

"Ka ce ya janye?"

"Na ce."

Hall ya ɗauki guna-guni. Na ji wani daɗi ya ratsa ni, Allah ya yafe mini. Na ce, "Wane dalili ka ba shi?"

Baba ya waiga ya dubi likitan, wanda ke zaune a layi na biyu kansa a ƙasa. Ya dawo da kallonsa gare ni ya ce, "Wannan ba zan faɗa a nan ba."

Na sake tambaya, ya sake ba ni amsar nan. Na uku ma haka. Sai na ce to, yana da minti biyar ya kare kansa, na danna agogo. Ku da kuka san dattawanmu kun san minti biyar ba ta isa ko buɗe magana. Ya yi bisimilla, ya yi salati, ya gode wa waɗanda suka taso daga Birmingham, ya yi addu'a ga waɗanda suka kafa ƙungiyar suka riga mu gidan gaskiya, yana ambaton su ɗaya bayan ɗaya. Yana tsakiyar sunayen mamatan nan wayata ta fara ƙara.

Da na bari ta yi ta ƙararta ma da sauƙi. Sai na ɗaga hannu na ce, "Baba, lokacinka ya ƙare."

Wurin ya yi tsit, har ƙarar cokali a kicin ta tsaya. Baba ya ce, "To, ɗana." Ya dafa sandarsa ya miƙe. Abokina ya zo ya kama hannunsa, bai kalle ni ba, suka fita. 'Yan Ghana suka tashi suka bi su, maza da mata, wasu da ledar abincin da suka kawo. Mu da muka rage muka ɗaga hannu aka ƙirga, aka tsige Baba. Likitan bai ɗaga hannu ba.

A mota ina ta zuba, ina cewa yau an kafa tarihi. Da muka hau Stockport Road, hanyar gida, matata ta katse ni. Ta ce in samu wuri in tsaya. Na tsaya a gaban wani shagon kayan miya.

Ta ce, "Ka san inda matar likitan nan take yau wata biyu? Tana gidan Baba a Aston, ita da yaranta, a ɗakin saman da ka zauna. Aurensu ya kusa mutuwa. Baba ne yake ta kai-komo yana sulhu. Ya kira shi ya ce ya janye ya gyara gidansa tukuna, don in ya ci gaba da takara mutane za su tona masa asiri. Duk matan da ke kicin ɗin nan sun sani. Amana aka ba mu, shi ya sa na ce maka ka janye ban ce maka dalili ba. Tsohon nan ya zaɓi ku kunyata shi da ya kunyata wanda kuka tsayar."

Na riƙe sitiyari na kasa tayar da mota. Kunya ta rufe ni. Daga nan na shiga wani sabon rashin sukuni, in ɗauki waya in ajiye, in rubuta saƙo in goge. Na kira mahaifiyata na ba ta labari ina neman ta ɗan rage mini nauyi. Ta ce, "A gidan da ka ci tuwo? Tashi ka tafi, kada ka sake kirana sai ka dawo."

Asabar na kama hanyar Birmingham. Na sami Baba a falo, na durƙusa a gabansa, maganar da na shirya tun daga Manchester ta gudu. Ya ce in tashi. Ya ce, "Ɗana, da ma na gaji, gwiwoyina ba sa son hanyar nan. Kun sauke mini kaya. Abu ɗaya nake roƙo, abin da ka ji ya tsaya a wurinka." Ya sa aka kawo mini abinci, ya zauna sai da na ci.

Abokina kuwa yana tsaye a bakin ƙofa da rigar aikinsa lokacin da zan fita. Na miƙa masa hannu ya karɓa. Na ce ya yafe mini. Ya ce, "Baba ya yafe, shi haka Allah ya yi shi. Ni ma ba na riƙe ka da mugunta. Amma na roƙe ka, ka ƙi. Kuma ina tsaye ka katse ubana yana yi wa matattu addu'a. Ban san yadda zan daina ganin wannan ba."

Abin ya wuce yanzu da daɗewa. Likitan da matarsa sun shirya, shi ya sa ma na iya ba da labarin, kuma sai da na nemi izininsu. Ƙungiya ta sake haɗewa da ƙyar, da tsarin mulkinta a rubuce kamar yadda muka so, ni kuma na ajiye sakatarci. Har gobe ina ganin zaɓe abu ne mai kyau, kuma shugaba ba ya fin ƙarfin tambaya. Inda na ɓata shi ne na ɗauko rigimar mutanen da ba sa cin abinci a gidan juna na kawo ta cikin mutanen da suka san ɗakin kwanan juna. Waɗancan in sun gama ihu kowa gidansa zai tafi. Mu kuwa gidan namu ɗaya ne. In na tuna, har yanzu sai in tashi in yi ta zagaye falo.

Ni da abokina muna gaisawa. In mun haɗu a jana'iza ko Idi zai tambayi yara, in tambayi nasa, shi ke nan. A bazarar da ta wuce aka aurar da 'yarsa ta fari, yarinyar da na sha goyawa a wuya zuwa shagon alewa. Katin gayyata ya iso gidanmu da sunan matata kaɗai a jiki. Na ce ta shirya, ni zan kai ta. Na tuƙa ta har Aston, na sauke ta a ƙofar hall, na gyara fakin a tsallaken titi. Ina jin kiɗa da guɗa ta gilashi, na zauna a mota har aka tashi.