Kin Yi Gaba!

Yayata gyaran fanka da dutsen guga take yi. Shagonta yana ƙarƙashin matattakalar wani dogon bene, wurin da in ka miƙe da gaggawa sai kanka ya gaisa da siminti. In ka leƙa za ka same ta da tabarau a karan hanci, tana hura wata 'yar waya, warin dalma ya cika ko'ina. Ba wanda zai kalli matar nan mai furfura ya ce ta taɓa hana unguwa guda sakat da kiɗa. To ta yi, ni ce shaida, don ni na fi kowa shan wahalar.

Muna 'yan mata ta jajibo wata jitar bes, irin mai dogon wuyan nan da tsirkiya huɗu masu kauri, wadda ba ta iya komai sai gurnani. Wani ne ya kawo ta gyara wajen maigidan da Yaya ke koyon aiki, bai sake waiwayo ta ba. Yaya ta gyara ta, ta haɗa mata sifika a cikin akwatin tsohuwar talabijin, shi ke nan na shiga uku, don ɗakinmu ɗaya. Kofin shayina tafiya yake a kan tebur shi kaɗai. In na yi magana ta ce, "Auta, toshe kunne mana." Ina amfanin toshe kunne, abin da a ciki kake jin sa?

Ita da wasu samari uku suka kafa ƙungiya, suka raɗa mata suna Tsatsa. Kiɗan nasu wai shi pank. In ba ka san shi ba, ga shi a taƙaice: gudu, ihu, da fushi da duk wanda ya ce a yi shiru. Kafin ruwan shayi ya tafasa waƙa ta ƙare. Sun yi wa layin asibiti waƙa, sun yi wa shugaban ma'aikata mai tumbi, sun yi wa rufin ɗaki mai yoyo. Babanmu ya je kallo sau ɗaya, ya dawo yana sosa kunne ya ce, "Wannan kiɗa ne, ko motar kwanuka ce ta kife?" Yaya ta ce, "Baba, ai motar kwanukan ma sai da direba."

Mai gangarsu wani bakanike ne, siriri, marar magana, ana ce masa Guduma. In ya zauna bayan gangunansa sai ya sunkuyar da kai kamar mai neman allura, ba ya kallon kowa. Mai bes da mai ganga kuwa ƙafafun mutum ɗaya ne, in ɗaya ta riga ɗaya sai a yi tuntuɓe. To Yaya kullum sai ta riga. Ana tsakiyar waƙa za ka ga ta ɗan zarce shi, kaɗan dai, shi kuwa ya ɗago kai idanu jajur ya daka tsawa: "Kin yi gaba!" Ita ma ta mayar: "Kai ne ka yi baya!" Da wannan faɗan suka yi aure, da shi suka haifi 'ya'ya, da shi suka aurar da su. Har abin ƙidayar kiɗa ya ƙera mata da injin goge gilashin mota, hannun yana kaiwa da komowa, ƙas, ƙas, ƙas, wai ko za ta shiryu. Mai hali dai ba ya fasa halinsa.

Da ƙungiyar ta watse, mawaƙin ya yi ƙaura, mai ƙaramar jita ya rasu, Yaya ba ta rataye besinta ba. Ran Asabar da yamma takan ture fankokin mutane gefe ta koyar. Ɗalibanta sun haɗa da masinja, da malamar jinya, da wani mahauci mai yatsu kamar taɓarya. Duk wanda ya zo, abu na farko sai ta kwance masa tsirkiya uku ta jefa a aljihun tebur, ta bar shi da ɗaya. In ya yi ƙorafi ta ce, "Ɗayar ma ka ba ta haƙƙinta tukuna." Ba ta taɓa korar kowa don rashin baiwa ba. Ta ce kiɗan nasu dama na marasa baiwa ne masu abin faɗa.

Sai tsufa ya zo da nasa. Sanyin ƙashi ya kama hannayenta, yatsun hagu suka karkace har ba ta iya danne tsirkiya. Sukurdireba ma da tafin hannu take murɗa ta. Ba ta yi kuka a gaban kowa ba, da baki ta ci gaba da koyarwa. Ana cikin haka Guduma ya yanke jiki ya faɗi a gareji. Ɓarin jikinsa na dama ya shanye, magana ta ɗauke.

Bayan an sallamo shi, mai gashin ƙashi da ke zuwa gida ta gaya mana gaskiya ba ɓoye-ɓoye. Ta ce hannun bai mutu ba, akwai sauran rai a cikinsa, amma sai shi da kansa ya yi ta ƙoƙarin motsa shi. In aka bar shi haka 'yan watanni zai sandare, kuma in ya sandare sai dai haƙuri. Shi kuwa gogan ya juya fuska bango. A miƙa masa ƙwallon roba ya matsa, ya yi kunnen uwar shegu. 'Ya'yansa suka yi lallashi, suka yi kuka, ko gezau. Ni da muke tsokanar juna tun ina budurwa, na tsaya a kansa na ce, "Mijin Yaya, ashe dama ragon maza ne kai?" Ko harara ban samu ba. Wallahi ranar jikina ya yi sanyi, don Guduman da na sani ba ya barin bashin harara ya kwana.

Ni kitso nake yi. Ina tsakiyar kan wata mata sai ga Yaya ta shigo shagona da bes a bayanta, ta kama hannuna na hagu tana jujjuya shi kamar mai zaɓen kifi.

"Yatsun nan za su yi," in ji ta.

"Za su yi me?"

"Za ki koyi waƙar Yoyo. Ke za ki kaɗa masa."

Na ce, "Ni? Yaya, ki dubi girman Allah. Jika gare ni fa. Abin da na tsana tun ina yarinya shi zan rungumo da tsufana? Ina mahaucin naki?"

"Ba zai yarda baƙo ya gan shi a kwance ba. Ke kuwa ba ya jin kunyarki." Sannan ta ce, "Auta, hannun yana tafiya. Kullum na taɓa shi sai na ji ya ƙara tauri."

Ban taɓa jin muryar Yaya ta yi rawa ba sai ranar. Na ce wa matar da nake yi wa kitso ta yi haƙuri ta dawo gobe da rabin kai.

Na ga ta kaina a ƙarƙashin matattakalar nan. Ba sani ba sabo, ni ma tsirkiya ɗaya ta bar mini. Ta yanko ɗan roba daga murfin bokiti ta danƙa mini, ta ce da shi ake bugu, kuma ƙasa kawai, ba a dawowa sama. Ƙasa, ƙasa, ƙasa, har kafaɗata ta yi tsami. Ta karɓi jan farcena ta ɗiga alama uku a wuyan jitar, ta ce duk waƙar a nan take, in na ɓata tsakanin gida uku to ba ni da uzuri. Yatsun da nake taƙama da su, masu kama gashin jariri, suka yi bororo suka fashe. Na ce zan shafa mai, ta ce in na kuskura ta karya ni, so ake yatsun su yi kanta. In na saki tsirkiya ta yi zizar ƙudan zuma, sai ta ce, "Danne ta! Ba kan amarya ba ne."

Ta kunna injin goge gilashin nan, ƙas, ƙas, ƙas, tana tafi da gefen hannu tana bin sa, ni kuma ina bin ta. Abin da ya ɗaure mini kai, tafin nata ko sau ɗaya bai kauce wa injin ba. Ko ta juya tana amsa wa mai fanka magana, yana nan daram. Na ce, "Yaya, ke da aka ce kina gaba?" Ta ce, "Kalli yatsunki, sarkin tsegumi."

Rannan da la'asar ta ce ya isa, ba mu da sauran lokacin gyara. Muka kinkimi sifikar muka hau da ita saman benen inda su Yaya ke zaune, muna nishi kamar tsofaffin da muke. Ɗakin yana warin man zafi. Guduma yana kwance an tokare shi da matasai, fuska a bango, hannun dama a kan bargo kamar ba nasa ba. Tiren abincinsa yana gefe, bai taɓa ba. Yaya ta ɗauke kwanon, ta ɗora masa tiren a cinya, ta sa cokali ƙarƙashin yatsun dama. Bai ko motsa ba.

Na zauna a bakin gado na fara. Ba yabon kai ba, na kaɗa ta tsaf. Ban ɓata gida ko ɗaya ba, ban yi gaba ba, ban yi baya ba, gilashin taga har rawa yake. Na kai ƙarshe, na sake daga farko. Maƙwabciya ta buga bango. Mutumin da muka yi domin shi kuwa ko ƙifta ido ban ga ya yi ba. Na ajiye roban, ƙwalla ta cika mini ido, na ce, "Yaya, na yi iyakar yina."

"Kin yi daidai," in ji ta. "Daidai ɗin ne ya yi yawa."

Ta laluba aljihun rigar aikinta ta ciro baƙin salatif na lantarki. Ta ɗora roban a babban yatsanta na dama, wanda ya kumbura kamar ya fashe, ta ce in naɗe. Na ce zai yi mata ciwo. Ta ce, "Na tambaye ki?" Na naɗe shi tam. Ta zauna a damana ta matso har kafaɗunmu suka haɗu, jitar tana kan cinyata.

"Ke danne, ni in buga. Kome kika ji, kar ki tsaya."

Ta ƙirga huɗu da ƙarfi irin yadda shi yake ƙirga musu da sanduna, muka afka. Kai! Jitar da na yi makonni ina lallaɓawa ashe ba ta taɓa buɗe baki ba sai yanzu. Ina ganin yadda take cije leɓe, kowane bugu yana shiga mata har ƙashi. Muka wuce baiti na farko lafiya. A na biyu sai na ji ta fara zarcewa, kaɗan, kamar mai ja maka hannun riga. Yatsuna suka rikice suna bin ta. Na buɗe baki zan yi magana ta taka mini ƙafa.

Sai na ji tas! Hannun hagun Guduma ne ya sauka a kan tiren. Tas! Yana nuna inda bugun ya kamata ya faɗa. Yaya ta yi biris, ta ƙara gaba. Ya juyo da kai daga bango. Rabon da in ga idanun nan sun yi ja haka tun muna da sauran ƙuruciya. Amma hannun hagu shi kaɗai ba ya riƙe waƙa, a wajen mai ganga dama ce ke ƙirga. Ina kallo, Allah shi ne shaida, yatsun nan da suka yi wata da watanni a kwance suka ɗan tattaru a kan cokalin. Cokalin ya ɗaga bai kai kaurin farce ba, ya koma. Ƙis. Ya sake ɗagawa. Ƙis. Gumi ya karyo masa, bakinsa ya karkace yana kokawa da harshe.

"Kin... kin yi... gaba!"

Hawaye yana zuba a fuskar Yaya har kan jitar, amma hannunta bai sassauta ba. Ta daka masa tsawa yadda ta saba: "Kai ne ka yi baya, tsoho! Kamo ni!"

Muka kai ƙarshen waƙar a hargitse, ni ina kuka, maƙwabciya tana dukan bango, cokali yana ƙis, ƙis a bayanmu. Washegari da mai gashin ƙashi ta miƙa masa ƙwallon roba ya ture shi, ya nuna sandunansa da ke saman kabad. Ta ce ita ba ruwanta, ko muciya yake so a ba shi, in dai zai riƙe.

Hannun bai dawo duka ba, kar in yi muku ƙarya. Amma yana riƙe sanda, yana kai cokali baki, kuma ya samu bakin da zai ce mini sarkin tsegumi.

A ranar kiɗan dai, da muka fito baranda ina kwance mata salatif, yatsan ya yi shuɗi, na kasa haƙuri. Na ce, "Yaya, tsakaninki da Allah. Kin fi injin nan daidai, na gani da idona. Me ya sa duk shekarun nan kike gaba?"

Ta leƙa ta taga ta tabbata ba ya ji, sannan ta rage murya.

"Mutumin nan in ya sunkuya a kan ganga mantawa yake da duniya. Tun ranar farko na lura, in ina daidai ba ya ɗago kai ya kalle ni." Ta goge ido da bayan hannu. "In kika gaya masa sai na yanke miki yatsu."