Barajin da Bai Ɓalle Ba

Alhaji Sule ɗan baffana ne, kuma ya zalunce ni. Barajin ƙasa, wato madatsar ruwa, da muka yi da gayya a bakin kwazazzabon unguwarmu, ni na ja aikin, don na koyi daɓen ƙasa ina lebura a Kano. Mun bar masa ƙofa a gefe, ruwa ya riƙa fita in ya cika. Da damina ta yi nisa sai Alhaji ya toshe ƙofar da buhunan yashi, wai ruwa ya taru ya ishi rakensa har rani. Ruwan ya haura ta sama, ya ɓalle barajin, ya share gonata da ke ƙasa, gero ya fara fid da kai. Sannan mutumin nan ya zauna a kasuwar Matameye yana cewa aikin ɗan ci-rani ne, wanda ko lakwal, makarantar boko, bai gama ba. Jama'a suka gaskata shi, don a ganinsu wa ke gina rumbu ya bar masa huda? Suka ce ba mai sake fitowa gayya. In kuwa ba a sake tare kwazazzabon nan ba, baɗi gidajen gangare zai ci.

Shi ya sa da aka gama girbi na roƙi dattawa biyu su raka ni wani ƙauye gaba da Icirnawa, inda na ji an yi irin namu, yana nan a tsaye.

Mun tashi da asuba, muka sha koko da ƙosai a tasha. Motar da muka samu igiya ce ke riƙe da ƙofarta, kuɗinta kuwa ya hau, direba ya ɗora laifin a kan mai kamar kullum. Ɗaya dattijon akuyar wani ta kwanta masa a ƙafa har muka bar kwalta. Daga nan sai baburan kabu-kabu cikin yashi mai haɗiye taya. Ɗayan, wanda ya fi kowa cika baki a gida, bai bar addu'ar da ya sani bai karanta ba. Hagu da dama kwazazzabai ne sun ci gonaki, wata bishiyar gawo saiwoyinta a waje kamar yatsun tsoho. Na bar su su kalla.

Da hantsi muka isa. Kafin mu ga ruwan mun ga aikinsa: albasa, tumatir da zogale shar, a lokacin da namu filin ya zama fako. Aka tarbe mu da fura mai nono sosai, ba irin ta tasha da ake tsinkawa da ruwa ba. Sai ga barajin, ƙasa zalla, ba siminti, ba hannun injin ko ɗaya. Na hau samansa na doka dunduniya, ya amsa kamar daɓen ɗaki. Na tambayi mutanen yadda suka yi. Suka ce laka suke shimfiɗawa kaɗan-kaɗan, a yayyafa ruwa, a koro shanu su tattake, a sake shimfiɗawa, daga ƙarshe a dasa gamba ta riƙe jikinsa. Haka muka yi namu, babu bambanci. Wallahi ƙirjina ya cika. Talakawa da kwando da ƙafar saniya sun tsayar da ruwan da ke cin gari.

Ƙofar ruwansu tana gefe, an jera mata duwatsu, an share ta tas. Dattijon akuya ya ce: "Wannan ai asara ce, ruwa na fita a banza." Sai suka yi dariya suka ce a kira Iya.

Iya tsohuwa ce ƴar ƙarama, gidanta ne na ƙarshe a gangare. Dokar garin ke nan: wanda ruwa zai fara ci, shi ke riƙe da ƙofar. Ko mai gari bai isa ya sa mata dutse ba sai da izininta. Ta dubi dattijon ta ce: "Malam, kai in ka ƙoshi ba ka ture ƙwarya? Bara wani mai lambu ya kawo buhu zai toshe. Na ɗauki tabarmata na shimfiɗa a ƙofar ɗakinsa, na ce tunda nawa gidan za a ba ruwa, na dawo nan da zama. Kafin azahar ya kwashe buhunansa."

Muka yi musu godiya, muka juyo. A hanyar komawa ba wanda ya yi ƙorafin yashi. Muna sauka a tasha ɗaya ya ce ranar Juma'a zai yi wa jama'a maganar gayya da bakinsa.

Abin da tafiyar nan ta koya mini, hannunmu ba shi da laifi. Kuskurenmu ɗaya ne, mun gina abu mai kyau muka bar ƙofarsa ba mai tsaro, na kan tudu ya yi yadda ya so.

Ban shiga gida ba. Na sami Alhaji Sule bayan la'asar a ƙofar shagonsa, yana shan shayi da mutanensa. Na yi sallama, na ƙi zama, na ce:

"Yaya Alhaji, na je na ga baraji irin nawa, yana nan bai ɓalle ba, ga dattawa ka tambaye su. Ba daɓena ya ci gerona ba, buhunanka ne. Za mu sake ginawa, kuma ƙofar tana hannuna, don ni ne a ƙasa. In ruwan ya sake ba ka sha'awa, ba faɗa: ka ba ni lambunka na tudu, ka karɓi gonata ta gangare, ka shuka rakenka a can. Ranar nan ni da kaina zan ɗauko maka buhunan."