'Yar Taguwa a Makarantar Awaki

Shekarar da na maimaita aji huɗu ita ce shekarar da na fi kowa tsawo a ajinmu, na kuma fi kowa baƙin rai. Zazzaɓin taifot ne ya kwantar da ni kusan zango biyu, rabi a gadon asibiti, rabi a ɗakin Umma. Da na miƙe sai aka ga ciwon ya cinye naman jikina kaf amma ya bar min tsawo, kamar an kama ni ta kai da ƙafa an ja. Hedimasta ya ce ba yadda za a yi in bi 'yan ajinmu zuwa aji biyar. Wannan da sauƙi. Abin da ya ƙona min rai shi ne ƙanena Habu, yaron da na sha share wa majina da gefen zanina, shi ma a shekarar ya shiga aji huɗu.

Gidanmu yana Gyaɗi-Gyaɗi, makarantarmu tana Tarauni, a ƙafa muke zuwa. Ranar farko wandon makarantata ya tsaya min a ƙwauri. Malama Rabi ta jera mu bisa tsawo, sai ga ni a bencin ƙarshe, ni da tsintsiyoyin aji. Ban gama zama ba Habu ya juyo daga can gaba, ya buɗe murya kamar muna tsakar gida, ya ce, "Yaya, ara min abin fiƙe fensir." Aji ya fashe da dariya. Kafin a fita tara kowa Yaya yake ce min, har yaran da ban taɓa gani ba. Ƙawayena na da kuma suka zo wucewa ta taga, suka ɗaga min hannu da fuskar tausayi. Wallahi tausayin ya fi dariyar ciwo.

Da yamma na ce ba zan koma ba. Baba tela ne, mutum mai sanyi, kuma jinyata ta tsorata shi ƙwarai. Ya ce wa Umma, "Yarinyar nan da ƙyar Allah ya bar mana ita. In ba ta so a ƙyale ta ta huta, ga keke nan sai ta koya." Umma kuwa, na ga yadda ta dire tukunya. Ta san irin wannan hutun. A layinmu akwai 'yan matan da aka ce su huta sati ɗaya, har yau suna hutawa.

Kakarmu Inna Kulu, mahaifiyar Baba, tana jin duk abin da ake yi daga ƙofar ɗakinta. Sunanta aka sa min, don haka Takwara take kirana, Habu kuwa maigidanta ne. Lokacin sabuwar masara ne, kuma al'adarta ce bayan magariba ta hura gawayi a kurfoti ta gasa mana. Ita haƙoranta sun ƙare, sai dai ta ɓare ƙwaya ɗaya ta yi ta juya ta a baki. Ko an kawo wuta ko an ɗauke, nan muke taruwa, tana fifita garwashi da murfin tsohon kwano, hayaƙi yana korar mana sauro. Tana da yadda take buɗe tatsuniyarta. Takan ce, "Ga wata baƙuwa ta sha hanya, wa zai ba ta tabarma?" Mu kuma mu ce, "Ta zauna a nan."

Ran nan na juya mata baya, ina kumbure-kumbure. Ita ko kallona ba ta yi ba, da Habu take magana. Ta ce wata 'yar taguwa ce, wato 'yar raƙumi, ciwon kofato ya kama ta har ayarinsu ya tafi ya bar ta. Da ta warke, babu makarantar raƙuma a garin, sai aka kai ta makarantar awaki. Malaminsu wani tsohon bunsuru ne mai tabarau, wanda in ya shigo aji sai kowa ya tuna yana da mura ya toshe hanci. 'Yar Taguwa ta zo bakin ƙofa, ƙofa kuwa ta awaki ce. Ta sunkuya ta zura wuya, kai ya shiga, ta yi sallama. Ta ƙara turawa, tozo ya maƙale. Kanta yana cikin aji yana gaida Malam, ƙafafunta na baya suna waje kaji suna wucewa ta ƙarƙashinsu. Malam Bunsuru ya rasa ko ya rubuta ta zo ko ba ta zo ba.

Habu yana ta birgima a tabarma. Ni ma dariyar ta kufce min ta hanci. Na juyo na ce, "Sai me ya faru?"

Inna ta juya masara. Ta ce, "Af! Kin ga tsufa ko? Ya shige min."

"Inna!"

"Allah kuwa. Amma zan iya tunawa in na san abu ɗaya. Ƙofar ajinku, ciki take buɗewa ko waje?"

Habu ya yi caraf zai amsa, ta ɗaga masa murfin kwano. "Kai maigida, rufe min baki. Kai gajere ne, daga ƙasa kake ganin duniya. Idon Takwara nake so."

Na tsaya ina tunani, na ga ban sani ba. Duk yinin nan ƙasa nake kallo.

Washegari na sa guntun wandona na bi Habu. Na gaya wa kaina ba karatu zan je ba, ƙofa zan je dubawa. Waje take buɗewa, kuma ƙasanta yana jan siminti, sai an ɗaga ta. Da na kawo wannan labari Inna ta tafa hannu ta ce yauwa, yanzu ta tuna. Awaki suka taru suka ɗaga ƙofar suka cire ta gaba ɗaya, suka shafa wa tozon man gyaɗa, suka ja da baya suka tunkuɗo 'Yar Taguwa da ƙaho. Ta faɗo ciki ta zauna a kan teburin Malam, da tabaran da komai. Daidai nan kuma tsufa ya sake kama Inna.

Haka muka yi ta yi. Kullum labarin sai ya tsaya a inda ya fi daɗi, kullum kuma da abin da zan dubo. Wane ne ya fi kowa surutu? Malama da wane hannu take riƙe alli? Habu ya so ya riƙa sayar min da amsa a kan rabin masarata, Inna ta gano shi ta ce amsar gajeru ba ta karɓuwa. Duk abin da na kawo, sai in tarar da shi a makarantar awaki ya sa ƙaho da gemu. Yaron da ke cin gyaɗa a ɓoye ya zama ɗan akuyan da ya cinye littafinsa ya ce a ciki ya fi zama. Sannu a hankali tambayoyin suka daina zama na kallo. Wata rana ta ce, "Wace ce ta fi kowa ƙanƙanta?" Na ce Chioma ce, 'yar wata nas da ke zaune a Darmanawa. Ta ce, "To ki tambayo min ita, kakarta tana gasa masara?" Dole na buɗe baki na yi wa wata magana a karon farko. Chioma ta ɗaga kai ta dube ni daga can ƙasa, ta ce da Hausarta tas ta Kano, "Tana gasawa mana, amma mu da kwakwa muke ci." A daren sai ga wata 'yar tunkiya baƙuwa a ajin awaki, ƙarama ƙwarai, tana fakewa daga rana a inuwar 'Yar Taguwa.

Ban ce komai ya gyaru ba. Akwai ranar da ta fi ta farko muni. Malama Rabi ta ce in zo in goge saman allo tunda ba mai kaiwa. Ina miƙa hannu hammatar rigata ta yage, ƙyat, kowa ya ji. Wani ya ce Yaya ta fi ƙarfin rigarta. Kuma a daidai lokacin 'yan aji biyar suna tsaye a taga. Ban san yadda na kai gida ba. Na cusa rigar a ƙarƙashin katifa, na je shago na ce wa Baba gobe zan fara koyon keke. Ya dube ni ya ce to, Allah ya sa haka ne mafi alheri.

Bayan magariba na zauna gaban kurfoti, don ko ba komai ina son in ji yadda za ta kaya. Inna ta ba baƙuwarta tabarma kamar kullum. Ta ce ran nan 'Yar Taguwa ta yi atishawa a aji, rufin ya yaye, awaki suka yi mata dariya har da hawaye. Sai ta fita, ta je gindin wata bishiya a bayan gari, ta durƙusa, ta kwanta.

Nan Inna ta tsayar da labarin. Ta ɗauki toka ta fara rufe garwashin.

Na ce, "Me zan..." sai na tuna ba inda zan je gobe. Na ce, "Sai me ya faru?"

"Ba abin da ya faru. Ta kwanta."

"To 'yar tunkiyar fa? Malam Bunsuru fa?"

"Suna can suna harkarsu, mu ina za mu sani? Da idonta muke ganinsu, ita kuma ga ta a gindin bishiya." Ta kakkaɓe hannu. "Ya ƙare, Takwara. Ku tashi, an kusa kiran isha."

Habu ya fara kuka. Ni kuwa wani irin haushi ne ya taso min, irin wanda ban ji ba ko a gaban allo. Na ce, "Wallahi ba haka zai ƙare ba! Wannan ai ba ƙarshe ba ne!"

Ta ce, "Ni ma bai min daɗi ba. Amma ni tsohuwa ce, ba ni da ƙarfin tayar da raƙumi."

Ban jira kowa ba. Na zaro rigar, na ɗauki allura da zare a kwandon Umma, na ɗinke hammatar da kaina. Ɗinkin ya fito a murguɗe, da baƙin zare a kan farar riga, 'yar tela guda. Da safe na riga Habu shiri. Baba ya gan ni da jaka ya buɗe baki, Umma ta yi masa wani kallo ya rufe.

Ina ɗaga ƙofar aji wani ya ce, "Ga Yaya!" Na tsaya a tsakiyar ƙofar na ce da ƙarfi, "Na'am, ƙanena. Ka gaishe ni tukuna. Haka aka koya maka a gida?" Aji ya kwashe da dariya, amma wannan karon ba ni ake wa ba. Yaron ya sunkuyar da kai ya ce ina kwana. Malama Rabi ta juya tana goge allon da ba komai a kansa, kafaɗunta suna motsi. Da aka fita tara Chioma ta ɗauko jakarta ta dawo bencin ƙarshe, ta ce ita ko ba ta hango allo ba komai, sai in riƙa karanto mata.

Da magariba ban jira a hura gawayi ba, ni na hura. Na ce, "Inna, ta tashi." Ta ce, "Wa?" Na ce, "'Yar Taguwa. Ta koma, ta ce duk akuyar da ta kira ta babba sai ta durƙusa ta gaishe ta." Inna ta ajiye murfin kwanon, ta gyara zama, ta tallafi haɓa. Ta ce, "Ikon Allah! Sai me ya faru?" Daga ranar ni nake bayarwa, ita take tambaya. Da masara ta ƙare muka koma gyaɗa, daga baya aikin gida da ƙawaye suka yi min yawa, labarin ya tsaya ba tare da kowa ya rufe shi ba.

Na daɗe ina ɗaukar abin a matsayin wayon tsofaffi kawai. Sai da na zama malamar firamare, na fara tsayawa a bakin aji duk farkon shekara ina kallon yaran da ke shigowa da ido a ƙasa, sannan na gane abin da ta yi. Ba ta taɓa ce min in yi haƙuri ba, ba ta ce ilimi yana da amfani ba, ba ta kuma ce dariyar ba ta da zafi ba. Ta ba ni ƙaramin dalili na zuwa gobe kawai, wanda bai fi ƙarfina ba, ta sa na ɗaga kai na dubi inda nake. Ni ma yanzu haka nake yi. In na ga yaro ya maƙale, sai in aike shi ya dubo min wani abu.

Ina shekarar ƙarshe a kwalejin horar da malamai Inna ta kwanta ciwon da ba ta tashi ba. Wata rana ina shafa mata mai a ƙafa na ce, "Inna, wai a ainihin tatsuniyar, yaya 'Yar Taguwa ta ƙare?" Ta yi dariya har tari ya sarƙe ta. Ta ce, "Wace ainihi? Ni fa ban taɓa shiga aji ba, Takwara, ko ƙofarsa ban san yadda take ba. Tozon da ya maƙale kaɗai ne nawa. Sauran duk ke kika ɗebo min."

Na ce, "To ai ba ki ƙarasa ba."

Ta lumshe ido ta ce, "Ni bakin ƙofa na rako ta. Ke za ki gaya min inda ta kai."