Jirgi Mai Riga

Baba Kura ya zo Kazaure ne daga bakin Tafkin Chadi, a shekarar da tashin hankali ya watsa mutanen garinsu. Abin da ya tsira da shi bai wuce matarsa Ya Kaka da gizago da zarto ba. Can gida sana'arsa gyaran jiragen katako, gadon uba da kaka. Da ya ga dam ɗin Kazaure sai ya yi murmushi, ya ce wannan ai ruwan alwala ne, amma ko ba komai akwai kwalekwale a kansa.

Ya kafa rumfa a gefen ruwa, ya riƙa bin ƙauyuka yana sayen jiragen da masunta suka yar, waɗanda awaki ke kwana a ciki. Yakan kankare su, ya fitar da ruɓaɓɓen katako ya sa sabo, ya cusa auduga a tsagu, ya bi da kwalta mai zafi. Jirgi ba ya barin rumfarsa sai ya yi kwana uku a ruwa cikinsa a bushe. Hausarsa a karye take, matasa suna kwaikwayonsa in ya juya baya, amma masunta sun san hannunsa.

Wani rani ya samo wani tsohon jirgi na maɗaci a wajen Roni, rabinsa binne a yashi. Wata biyar yana kansa. Ya sa masa katakai huɗu a gicciye, su ne wurin zama, su ne kuma ke riƙe haƙarƙarin jirgin kada ya buɗe. Sannan ya kafa gora a tsakiya, Ya Kaka ta ɗinka masa faffaɗan ƙyalle da buhunan fulawa, irin yadda ake yi a Chadi. Ranar da ya gwada shi, iska ta cika ƙyallen, jirgin ya tafi ba mai tuƙi. Mutane suka taru a gaɓa suna tafi, suka sa masa suna Jirgi Mai Riga.

Wanda ya saye shi Sama'ilu ne, ɗan ƙanen mai unguwar wani ƙauye a ƙasar Gwiwa. Idan damina ta yi nisa rafi yakan raba ƙauyen da kasuwa, shi kuma yana son ya riƙa fito.

"Mutum goma, ɗana," in ji Baba Kura. "In da kaya, takwas. Kuma katakan nan na tsakiya, kada ka taɓa su."

"Baba, ka sayar ko ka ba ni aro?" Sama'ilu ya tambaya yana dariya.

Kafin mako ya zagayo ya cire gorar da ƙyallen. Da ya ga babur ba ya shiga, ya sa zarto ya yanke katakan gicciye guda uku. Ranar wata kasuwa, bayan ruwan safe, ya loda mutum goma sha tara da babura biyu da buhunan gero. Suna tsakiyar rafi jirgin ya buɗe kamar ɓawon gyaɗa. Mutum shida suka rasu, biyar mata ne. Cikinsu har da Adda, matar wani manomi mai suna Daudu. Sama'ilu ya iya ruwa, ya fita ko ƙwarzane babu.

Baba Kura na jin labari ya hau mota ya tafi ta'aziyya. Ya tarar an riga an gama shari'arsa. Sama'ilu ya rantse cewa ruɓaɓɓen katako aka lulluɓe masa da kwalta. Tsohon ya sauka rafi da kansa, ya jawo ɓarin jirgin zuwa ƙofar mai unguwa, ya nuna sawun zarto, fari tas, ya ce kowa ya sa hannu ya taɓa. Ba wanda ya sunkuya. Duk mutanen da ke wurin sun sha hawa jirgin, sun san yadda aka yi da katakan, amma Sama'ilu nasu ne, gobe ma da shi za su kwana su tashi.

Daudu ya ratso taron, idanunsa jawur, ya wanke tsohon da mari har hularsa ta faɗi.

"Kun cinye garinku, kun zo ku cinye namu!"

Baba Kura ya ɗauki hularsa ya kaɗe. Ya ce, "Allah Ya jiƙanta." Wani daga baya ya maimaita maganar da irin karin harshensa, aka yi dariya a gidan makoki.

Kwana biyu bayan haka wasu samari daga ƙauyen suka zo rumfarsa a Kazaure da rana tsaka. Akwai jirage uku da ya gama gyarawa. Ba su fasa da kansu ba, shi suka miƙa wa gatari, suka tsaya a kansa har ya farfasa su ɗaya bayan ɗaya. Ya Kaka tana roƙonsu, tana kiransu 'ya'yana, ɗaya ya ce mata ta yi shiru ko ta bi jiragen. Katakan kuwa wani mai gidan burodi ya aiko da amalanke aka kwashe. Masuntan da ya yi wa aiki shekara tara suna zaune a kan tarunsu suna kallo.

Baba Kura da Ya Kaka suka koma garin Babura, inda ba a san shi ba. Ya riƙa ƙera benci da komin tumaki yana kaiwa kasuwar dabbobi. Ya Kaka ta kama ciwon hawan jini, ba ta ga daminar gaba ba.

Shekara biyu da rasuwarta, wata Laraba, sai ga Daudu a bakin rumfarsa. Bai yi maganar mari ba. Ya ce mutanen ƙauyensu sun haɗu sun sayi wani tsohon jirgi, yana yoyo, an kai wa kafintoci uku sun kasa.

"Mai unguwa ya ce ka zo. Amma kada ka gaya wa kowa kai ne."

Baba Kura ya daɗe yana kallon hannuwansa. Yana son ya ce a'a. Amma ya san da shi da ba shi matan ƙauyen za su shiga jirgin nan ranar kasuwa. Ya ɗauki gizago ya hau bayan babur.

Kwana shida ya yi a wani kango bayan gari. Ana aiko masa tuwo a ajiye a bakin ƙofa, ba sallama. Da ya gama ya tambayi wa zai riƙa tuƙa jirgin, Daudu ya kau da kai ya ce Sama'ilu, don shi kaɗai ya san rafin. Sannan ya ce babur ɗinsa ba mai. Tsohon ya saɓa kayan aikinsa, ya taka da ƙafa har bakin titi, ya zauna a gindin darbejiya yana jiran motar Babura.