Batirin da Ya Kwana a Masallaci

Mun tashi daga Ganou, unguwarmu a Parakou, ana idar da sallar asuba, ni da maigida da autarmu a goye, ko shayi ban iya jira ya huce ba don ɗoki. 'Yan uwa da kuka yi ta cigiyata kwanakin nan, ga inda na shiga. Surukata muka je ɗaukowa, Inna, daga ƙauyensu da ke bayan Sérou. Yanar ido ta rufe mata gani har ba ta bambance safiya da yamma, kuma asibiti a Parakou sun sa mata ranar aiki. Bara ma sun sa, sai motar maigida ta kafe a rafin ƙauyen, aka wuni ana tono, ranar ta wuce. Bana ya ce in Allah ya yarda ba za a maimaita ba. Ya sayi injin ja, irin wanda ake ɗaurawa a goshin mota, mai igiyar ƙarfe da ƙugiya, wanda idan mota ta kafe ake maƙalawa a bishiya ta jawo kanta. Ya haɗa da batiri na biyu. Mai haɗa su kuwa yana Djougou.

Hanyar Parakou zuwa Djougou da damina abin kallo ce. Gonakin yazawa sun yi kore shar, kunyoyin doya a jere kamar an ɗora tukwane. Sabuwar doya ta fito, amma tsadarta sai da na dafe ƙirji. Matan Fulani na ɗaga mana wagashi, cukun nonon shanu, a bakin kwalta, na sayi mai laushi saboda haƙoran Inna. A wani shinge jandarma ya leƙa bayan kat-kat ɗinmu, motar shiga daji, ya ga ƙugiya, ya tambayi maigida ko kifi za mu kama. Dariya ta sa ko takardu bai duba da kyau ba.

Da hantsi muka shiga Djougou, wadda tsofaffinmu ke kira Zugu. Mai haɗa wutar mota dattijo ne, jikan fataken goro, Hausarsa rabi da rabi da Faransanci. Ni dai aka shimfiɗa mini tabarma a inuwa, amma ban iya zama ba. Na ga sun ɗaure injin a ƙarfen gaban mota da manyan notuna. Na ga wayoyi biyu, ja da baƙa, kowace kaurin babban yatsana, yana zura su cikin tiyo a duk inda za su gogi ƙarfe, kamar yadda nake naɗe hannun tukunya da tsumma. Sabon batirin ya samu akwatinsa a bayan kujera, an ɗaure shi tamau. Ya sa fiyus kusa da shi, ya shafe kawunan da man giris. Sai wani ɗan ƙaramin akwati da ya sa tsakanin batiran biyu. Na kasa haƙuri na tambaya.

Ya ce, "Hajiya, wannan shi ne mai raba gardama. In mota na aiki, ya bar su su ci abinci tare. In an kashe ta, ya raba su, kowa da tukunyarsa. Ko injin ja ya cinye na biyu ƙarƙaf, na farko na nan zai tayar da mota."

Da ya ga na fi kowa sa ido, ni ya miƙa wa abin latsawar mai doguwar waya. Na danna, igiya ta fara naɗuwa da wani gurnani, na saki salati na ja da baya, duk garejin suka kwashe da dariya. Ya yi mana gargaɗi: kada a ja mota a kashe, a ja kaɗan a huta, a yafa bargo a kan igiyar ko da za ta tsinke. Ya ba mu wani faffaɗan ɗamara na naɗe bishiya, ni dai majanyi na kira shi. Muka ci sakwara da miyar gyaɗa mai zafi, muka kwana gidan 'yan uwa.

Washegari muka bar kwalta a Sérou muka kama jar hanya. Ramuka cike da ruwa, mota na rawa, auta na ƙyalƙyala dariya. Muka tsallake rafin lafiya, ruwan ko gwiwa bai kai ba. Inna ta tarbe mu da hannu, tana shafa fuskar auta, takwararta, wadda ba ta taɓa gani da ido ba. Tana cewa wai hancin nan ba na gidansu ba ne.

Muna cikin hira ta tambaye ni ko azahar ta yi. Na ce ai har la'asar ta kusa. Ta ce tun da batirin lasifikar masallacinsu ya mutu, muryar ladan ba ta kawowa gidanta, rana kuma ba ta ganinta, sai dai ta kintata ta yi salla. Wallahi sai da hawaye ya zubo mini. Na samu maigida a gefe na ce, "Malam, batirin nan na biyu zaune yake kawai har gobe." Ya dube ni, ya dubi mahaifiyarsa, ya ɗauki sifana ya kwance shi, aka kai masallaci.

Da ladan ya ɗaga murya a lasifika, mata suka yi ta leƙowa ta katanga. Inna ta amsa kiran tun daga farko har ƙarshe tana murmushi. Abin da ba mu lissafa ba shi ne, liman ya daɗe bai samu lasifika ba. Bayan magariba ya yi wa'azin da ya tara tun farkon damina. Mutanen gari kuma suka jero wayoyinsu, kowa na neman caji. Wa zai hana? Ruwa kuma ya kwana yana zuba.

Da safe aka maido batiri da godiya da kaji biyu. Gobe ne ranar aikin Inna, dole mu kwana Parakou. Muna isa rafi muka tarar ya canja kama. Maigida ya yi bisimilla ya shiga, muka tsallake ruwan, sai a hawan gaɓar can ƙafafun baya suka nutse cikin laka har gindi. Daidai inda ya kafe bara.

Ni kam murna ma na yi, ga ranar injinmu ta zo! Muka fito da Inna muka zaunar da ita a tudu da takwararta a cinya. Bishiyar da ke kusa kaɗanya ce. Inna na jin haka ta ce, "Kada ku ji mata ciwo, matan garin nan da ita suke miya." Muka naɗa mata majanyinta, muka maƙala ƙugiya, na yafa bargo a kan igiya. Maigida ya zauna a sitiyari, mota na aiki, na danna.

Injin ya yi wani nishi, igiya ta miƙe, sai ya yi tsit. Na sake dannawa, ƙas ƙas kawai. Maigida ya leƙo ta taga ya ce, "Hajiya, wa'azin jiya ne muke ji a jikinmu." Ga hadari na haɗuwa a gabas, ga ruwan rafi na lasar ƙafar baya.

Amma motar ba ta mutu ba. Ɗan akwatin nan ya tsare batirin farko, ko ɗigo ba a taɓa masa ba. Maigida ya ce sai mu bar su su ci abinci tare, ya taka totur a hankali muka jira. Ban taɓa jin jira mai tsawo irin wannan ba. Na kafa kara a bakin ruwa ina kallon yadda yake hawa, bakina bai bar hasbunallahu ba. Inna kuwa hankalinta kwance, tana ɓantarar wagashi tana ba auta.

Da iska ta fara kaɗawa ya ce in gwada. Na danna, igiya ta yi ƙara, mota ta motsa kamar taki ɗaya. Na saki, muka huta. Na sake. Inna na tambaya, "Ta taho? Ta taho?" Ina cewa tana tahowa, Inna! Haka, kaɗan kaɗan, har laka ta saki ƙafafun da wani sauti kamar an zare muciya daga tuwo. Na yi kabbara da ƙarfin da ban san ina da shi ba. Muna rufe ƙofofi ruwa ya sauko.

Mun shigo Ganou da magariba, laka har gira. Aka yi aikin washegari, kwana ɗaya aka cire bandeji. Inna ta daɗe tana kallon takwararta, sannan ta ce ashe hancin nasu ne. Da muka dawo gida ta ce a kai ta gaban mota, ta shafa ƙugiyar nan ta sa mata albarka.

Abin da tafiyar nan ta koya mini: kyauta ba ta hana isa, amma a bar batiri ɗaya wanda ba a taɓawa. Maigida ya riga ya yi wa masallacin ƙauyen odar nasu batirin. Inna ta ce a saya musu dai, amma ita yanzu da idonta za ta duba rana.