Wasiƙun da Ke Zuwa Gidan Malama Zaharah

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, tara ga watan Yuni, bayan la'asar, Allah Ya yi wa Malama Zaharah binti Yusof rasuwa a gidanta da ke Gelugor, nan tsibirin Penang, tana da shekara sittin da takwas. Saura mako biyu ta buɗe ajin dogon hutun da ta shekara goma sha tara tana yi wa 'ya'yanmu, mu baƙin da aiki ya kawo ƙasar nan, don kada Turancinsu da lissafinsu su yi tsatsa.

Malama, kin san abin da mu iyaye muka kasa gani. Duk watan Yuni kwantiragin wasu yake ƙarewa, su tattara su bar ƙasar, yaranmu su wayi gari babu abokansu. Shi ya sa ranar farko ba kya buɗe littafi. Kowane yaro sai ya rubuta wa wanda ya tafi wasiƙa da hannunsa, sannan ki tasa su gaba har gidan waya, kina tafe kina faɗa da lemarki.

Shekara uku ke nan da na kawo miki ɗana Ziyad. Ƙasa ta huɗu ke nan da muka zauna tun barinmu Cape Town, yaron ya daina kula kowa, ya daina rubutu, har makaranta ta ce zai maimaita aji. Gaskiya na zo ne da gadara, ina so a ɗura masa nahawu kawai. Da na ga ambulan da kan sarki, na ce a raina wannan tsohuwa wasa take.

Kin miƙa masa takarda, ya ture. Ya ce, "Me zan rubuta? Kowa tafiya yake yi."

Kika ce, "To ni ina zan je, ɗan nan? Da wannan gwiwar tawa? Rubuto mini, ina nan."

Ya rubuta layi biyu, duk zagin duriyan, ɗan itacen nan mai wari da kika ba shi. Kika amsa da shafi guda, ta gidan waya, alhali kullum kuna tare. Dokarki ce wasiƙa ba ta kwana babu amsa. Kafin hutu ya ƙare ya cika littafi, ya wuce ajinsa, ya kuma yi aboki. Na ji kunya ƙwarai, ban kuwa taɓa ba ki haƙuri ba. Ki yafe mini.

Ranar Asabar muka je gaisuwa ni da Ziyad. Muka tarar da maigidanki, Baba Rosli, a baranda, da tarin ambulan a cinyarsa. Yaran da suka bar ƙasar ne, daga Doha, daga Nairobi, daga Perth, kowa yana rubuto miki kamar yadda ya saba duk Yuni. Labari bai kai musu ba. Ya ce, "Kullum mai kawo wasiƙa sai ya tsaya. Ni idona ya tafi, kuma ban san me zan ce musu ba."

Na tuna alkawarin da kika yi wa Ziyad cewa kina nan, na ji tsoron ya koma gidan jiya. Ya daɗe yana kallon kujerarki. Can ya cire takalmi, ya zauna kusa da tsohon, ya ce, "Baba, kawo biro. Sun riga sun kwana da yawa."

Goma sha ɗaya ya amsa a ranar. Gobe ma zai koma.

Allah Ya jiƙanki, Malama, Ya haskaka kabarinki, Ya sa Aljanna ce makomarki. Ina miƙa ta'aziyyata ga Baba Rosli, da 'yarku Suraya, da yaran da amsar Ziyad ke kan hanyar zuwa gare su. Allah Ya ba mu haƙurin rashi, amin.